Kaya na da kyau amma babu ciniki: tambayoyi da amsoshi kan tsarin tallata haja

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu shago da masu sana'ar cikin gida duk lokacin da aka zauna maganar ciniki. Alƙaluman da ke cikin misalin garin kunu na kwatance ne, kowa ya cire su ya sa nasa.

Wai mene ne tsarin tallata haja? Ba talla ba ne kawai?

Talla reshe ne guda, kuma shi ne na ƙarshe. Tsari shi ne shawarar da ka yanke tun kafin ka kashe ko kwabo: wa zan sayar wa, me zan ba shi wanda ba ya samu wajen maƙwabcina, nawa zai biya, ta wace hanya kayan za su kai hannunsa, sannan da wane baki zan yi masa magana. A 1960 wani malamin jami'a Ba'amurke, E. Jerome McCarthy, ya tattara abin cikin ginshiƙai huɗu, wato haja, farashi, wuri da talla, kuma har gobe da su ake fara koyar da ɗaliban kasuwanci.

Kada sunan Bature ya razana ka. Mai shayin da ya kafa teburinsa a bakin tasha, ya hura wuta tun kafin kiran assalatu saboda direbobin da ke lodin sammako, ya yanka burodi gida uku don wanda ba shi da kuɗin guda, ya jera gwangwanayen madara kamar gini yadda za a hango su daga tsallaken titi, ya cika duka huɗun nan bai taɓa buɗe littafi ba. Bambancinsa da wanda ya karye shi ne ya san su wa yake dafa wa shayin.

Kayana kowa yana buƙatarsu. Don me zan ware wasu mutane in ce su nake nema?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci wa mutane jari, don haka bari mu daɗe a kanta.

A ce Hajiya tana haɗa garin kunun gyaɗa a gida. Gaskiya ne kowa na shan kunu. Amma dubi masu sayen ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikaciyar da ke fita bakwai na safe tana son wanda za ta dama cikin minti biyar, a roba mai murfi, kuma ba za ta tsaya taya farashi ba. Mai jego tana son mai yawa, mai tsabta, wanda za a kawo mata har gida. Ɗalibar da ke kwana a makaranta ƙaramin ƙulli take so, na kuɗin da ke hannunta yau. Mai kanti kuma sari yake nema, da ragin da zai ci riba a kai, kuma zai tambayi lambar hukuma a jikin robar. Mutum huɗu ke nan, gari ɗaya, amma mazubi huɗu, farashi huɗu, magana huɗu. Idan Hajiya ta ce duka za ta kama da jarin da bai wuce buhun gyaɗa guda ba, za ta yi robar da ta yi wa ɗaliba tsada, ta yi wa mai jego kaɗan, mai kanti kuma ya ce babu riba a ciki. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

Zaɓen ɓangare ɗaya ba yana nufin za ki kori wanda ya zo da kuɗinsa ba. Yana nufin idan za ki yanke shawara, girman roba ko sa'ar da za ki sa hoto a waya, fuskar mutum ɗaya za ki hango. Ki iya siffanta ta: shekarunta, unguwarsu, ranar da kuɗi ke shigo mata, wa take jin maganarsa kafin ta sayi abu. Idan ba ki iya ba, ba ki gama aikin farko ba.

Manyan kasuwannin Kano ma haka suka rabu. Mai neman atamfa da shadda Kantin Kwari zai nufa, mai neman hatsi Dawanau, mai sarin kayan masarufi Singa, mai neman waya Farm Centre. Ba wadda ta ce ita ta kowa ce, shi ya sa fatake ke tasowa tun daga Nijar da Chadi da Kamaru sun san ƙofar da za su sauka.

Ba ni da kuɗin yin bincike. Ta yaya zan san abin da masu saye ke so?

Ka sayi littafin rubutu mai arba'in, ka sa masa suna littafin babu. Duk wanda ya tambayi abu ka ce "babu" ko "ya ƙare", ka rubuta abin da ranar. Duk wanda ya taya ya tafi, ka rubuta a nawa ya tsaya. Bayan wata guda littafin zai gaya maka abin da unguwar ke nema fiye da yadda wani masani zai gaya maka.

Abu na biyu, ka nemi waɗanda suka daina zuwa. Yana da nauyi, amma kira guda na "Alhaji kwana biyu, lafiya dai ko? Ko mun yi laifi ne?" ya fi yabon mutum ashirin amfani. Can za ka ji cewa yaron shagonka ba ya ɗaga kai daga waya, ko canji ne kullum babu.

Waɗanda ba a tambaya su ne 'yan'uwa da abokai. Za su ɗanɗana su ce masha Allah, wannan ai sai kanti. Ƙauna ce, ba ciniki ba. Gwajin gaskiya shi ne baƙon da ya sa hannu a aljihu, ya kuma dawo karo na biyu.

A layinmu mu goma ne muke sayar da abu iri ɗaya. Da me zan bambanta?

Da abin da ke damun masu saye wanda sauran tara suka saba da shi har sun daina ganinsa. Waɗanda suka riski shigowar wayar salula a Najeriya a 2001 za su tuna yadda ake cajin kira da minti: ka yi magana ta daƙiƙa goma, a cire maka kuɗin minti cur. Da Glo ya shigo a 2003, ya tarar da MTN da Econet sun riga shi kafuwa, sai ya zo da caji daƙiƙa-daƙiƙa. Bai kawo sabuwar haja ba, kira dai kira ne. Ƙorafin da kowa ke yi ya ɗauka ya mayar da shi tallansa, kuma ba a jima ba sauran suka bi sahu dole.

A layinku ma akwai irin wannan ƙorafin. Tela ne kai? Duk garin nan an san ciwon: ɗinkin sallah da ake karɓa ranar hawan Nassarawa. Telan da ya ce ranar kaza, ya kuma cika, ko da ya rage yawan ɗinkin da yake karɓa, ya bambanta ke nan ba tare da ya sauya zare ba. Mai sayar da waya da ya yarda a dawo da ita cikin kwana uku idan ta ba da matsala, mai hatsin da mudunsa ba ya canzawa, duk wannan hanyar suka bi. Ka iya faɗin bambancinka a jimla ɗaya. "Kayanmu masu inganci ne" ba bambanci ba ne, domin ban taɓa jin wanda ya ce nasa marasa inganci ne ba.

Yaya zan yanka farashi?

Fara da ƙasa, wato abin da kayan ya ci. Mu koma ga garin kunu. A ce kowace roba ta ci kayan haɗi na ₦1,200, roba da takardar suna ₦250, niƙa da gas ₦150, kuɗin mota zuwa kasuwa da data ₦100. Jimla ₦1,700. Idan Hajiya ta sayar ₦2,000, ribarta ₦300 ce, kuma ba ta sa ladan tsayuwar da ta yi tana suyar gyaɗa ba. Da yawa ₦1,200 ɗin nan kaɗai suke lissafawa, su ɗauka suna cin ₦800, sai bayan wata shida a ga uwar kuɗi ta zagwanye ba a san inda ta bi ba.

Sama kuma ita ce abin da mai sayen da kika zaɓa zai iya biya ba tare da ya ji an cuce shi ba. Tsakanin ƙasa da saman nan ake yanka farashi, ana leƙen na maƙwabta.

Akwai ƙarin abu guda da zamanin nan ya koyar. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 farashi ya daina zama wuri ɗaya. Ki riƙa lissafi da kuɗin da za ki sake sayo kayan gobe, ba wanda kika sayo su jiya ba. Wanda ya sayar da tsohon kaya a tsohon farashi yana murnar riba, ranar da ya koma sari zai tarar kuɗin kwali goma kwali takwas suke sayowa.

In karya farashi mana don in janye mutane?

Yi lissafin tukuna. Idan aka rage kashi 10 cikin 100 daga ₦2,000, an cire ₦200. Ribar ₦300 ta koma ₦100. Sai an sayar da roba uku kafin a samu abin da ɗaya ke kawowa a da. Ciniki zai ninka har sau uku saboda ragin ₦200? Da wuya. Kuma wanda araha ta kawo, araha ce za ta ɗauke shi ranar da maƙwabci ya rage ₦50.

Idan mutanenka ba su da kuɗin babba, ka rage girma, kada ka rage daraja. Haka madarar Cowbell ta shiga Najeriya a 1993: lokacin madarar gari a manyan gwangwanaye take, sai suka zuba ta a 'yan ƙananan leda na kofi guda. Yau dubi tireda, daga omo har tumatir da man gyaɗa komai ya koma ƙulli-ƙulli. Wata hanyar kuma tamu ce ta gado, wato gyara. Ɗan ƙarin da mai ƙosai ke jefawa a leda bai kai ragin farashi ci mata ba, amma ya fi shi zama a zuciyar mai saye.

In rubuta farashi a jikin hoto, ko in ce a biyo ni inbos?

Rubuta. Mutum ɗaya ne zai biyo ka, tara za su wuce, wasu don kunyar kada su tambaya su kasa saye, wasu don zargin kowa da farashin da ake yanka masa. A kasuwa taya da albarka al'ada ce, ana kallon ido ana dariya. A waya babu wannan.

Sai na kama shago, ko waya ta wadatar?

Ya danganta da inda mai sayenka yake da kuma ko kayan na buƙatar taɓawa. Turaren wuta ana so a shinshina, yadi ana so a murza, takalmi ana so a gwada. Amma kuɗin hayar shago na shekara jari ne babba, kuma mata da yawa sun gina ciniki daga ɗakinsu ba su taɓa biyan haya ba.

Abin da masu sayarwa ta waya ke rainawa shi ne kai kaya, alhali nan ne cinikin ke mutuwa. Na taɓa sayen takalmi wurin wata mai sana'a da hotunanta ba su da makusa. An ce gobe, goben ta zama kwana biyar, ɗan sahun da aka ba saƙon ya kira ni sau huɗu yana neman kwatance, da ya iso kuma ya ce kuɗin kawowa a kaina yake, abin da ba a faɗa mini ba tun farko. Takalmin yana da kyau, har yanzu ina sa shi. Ban sake saye a wurinta ba. Ki sami ɗan sahu ko mai babur guda da kika yarda da shi, ki san direba ɗaya a kowace tashar da kike tura kaya, ki faɗi kuɗin kai kaya da ranar isowa kafin a turo kuɗi.

Hanyar biya ma tana cikin wannan babi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa har mai kayan miya karɓar tiransifa. Wanda ya ce sai tsaba yau, ya rufe ƙofa guda da hannunsa. A dai jira alat na gaske ya shigo, kada a saki kaya da hoton rasit.

A ina ya kamata in yi talla?

Inda kunnen mai sayenka yake, ba inda kake jin daɗin zama ba. Idan manoma da magidanta kake nema, rediyo har yanzu sarki ne a ƙasar Hausa, sai dai ka zaɓi shirin da suke saurare da sa'arsa. Sanarwa uku a lokacin da ya dace sun fi goma da tsakar rana. Idan 'yan mata da amare ne, Instagram da TikTok. Idan unguwarku ce kawai, allo mai kyau a ƙofa da bakin maƙwabta sun isa.

Ga yawancin ƙananan sana'o'i, WhatsApp ya fi komai kawo kuɗi, domin waɗanda ke ganin sitatus ɗinka sun riga sun san ka. Ka sauke WhatsApp Business, kyauta ne, ka jera kayanka da farashinsu a kundin da ke ciki. Ka sani sitatus awa 24 yake yi, kuma saƙon bai-ɗaya, wato wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, sannan wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba ba zai gan shi ba. Saboda haka "Hajiya ki ajiye lambata" aiki ne, ba surutu ba. Hoto arba'in a jere kuma ba talla ba ne, hanyar sa mutane su toshe ka ce. Haka jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba.

Ka zaɓi kafar talla biyu ka riƙe su da kyau. Ba a gudu ana susar baya.

Masu yawan mabiya suna karɓar kuɗi su tallata kaya. Yana biya?

Wani lokaci. Ga yadda za a gane. A ce Hajiya ta biya ₦20,000, mutum 40 suka yi mata magana, 8 suka saya. Kowane kwastoma ya tsaya mata ₦2,500 ke nan. Idan kowannensu na sayen roba biyu a wata, ribar ₦600, sai ya yi wata biyar yana dawowa kafin kuɗin tallan su fito. Idan sau ɗaya suka saya suka ɓace, an yi asara, ko da kuwa an tashi da sababbin mabiya dubu. Mabiya ba sa sayo gyaɗa.

Kafin ki biya, ki duba su wa ke bin shafin. Mai barkwancin da samari ke kallo daga ko'ina a duniya ba zai sayar miki da garin kunu a Tarauni ba. Malamar girki mai mabiya kaɗan, waɗanda matan garinku ne, ta fi shi amfani nesa ba kusa ba, kuma ta fi sauƙin kuɗi.

Suna da tambari da rajista, dole ne tun yanzu?

Suna dole ne, mai sauƙin faɗa, wanda tsohuwa za ta iya aiken jikanta da shi. Dubi yadda muke cewa omo ga kowane garin sabulu, magi ga kowane ɗanɗano, makilin ga kowane man goge baki. Sunayen hajar kamfanoni ne suka zama kalmomin Hausa saboda sun daɗe ba su sauya ba. Ka tsaya a suna ɗaya da launi ɗaya, kada kowace sallah ka fito da sabo.

Rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, tana ba ka damar buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, kuma baƙo ya fi sakin jiki ya tura kuɗi can fiye da asusun wani ƙaninka. Idan abinci ne ko abin sha ko man shafawa da ake ƙullawa a mazubi, lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ita ce ke buɗe ƙofar manyan kantuna.

Akwai lokacin da ya fi dacewa a matsa talla?

Kasuwarmu da wata take tafiya. Rajab da Sha'aban bukukuwan aure ne, lefe da anko da kayan ɗaki. Azumi na masu gero, sukari, dabino da ƙanƙara ne, goman ƙarshe kuma na masu yadi da takalma da lalle. Babbar sallah ta masu raguna da kayan ƙamshi da man suya ce. Satumba komawa makaranta, kaka kuɗi a hannun manoma, hunturu man shafawa da rigunan sanyi. Kowa ya san wannan. Abin da ake mantawa shi ne tallan yana riga lokacin da mako uku ko huɗu, sarin kuma yana riga tallan. Mai fara neman shadda ranar ashirin ga azumi a farashin da kowa ya saya zai saya.

Masu garin kunu, ku lura: mako biyun ƙarshe kafin azumi sun fi azumin kansa ciniki, domin lokacin ne uwargida ke tanadi.

Har ina ya halatta in kambama kayana?

Har inda gaskiya ta tsaya. Hadisin nan da Muslim ya ruwaito sananne ne: Manzon Allah (SAW) ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki ya ji danshi, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Hoton da aka ɗauko daga shafin wani, ko aka wanke shi da manhaja har launin atamfar ya sauya, ɗan'uwan wancan tarin abincin ne. Haka sa ƙawaye su rubuta yabon kayan da ba su taɓa saye ba, da maganin da ake cewa yana warkar da cuta goma sha biyu.

Ta fuskar kasuwa ma asara ce. Wadda ta buɗe leda ta ga ba abin da ta gani a hoto ba ne, ba ke kaɗai za ta gaya wa ba, guruf ɗin danginsu gaba ɗaya zai ji kafin magariba.

To, ta yaya zan san tsarin nawa yana aiki?

Juya littafin babu, ka fara rubutu daga bayansa. Kowace Juma'a da yamma ka cika layi huɗu: mutum nawa suka tambaya a makon, nawa suka saya, nawa ne a cikinsu tsofaffin kwastomomi, nawa ya rage bayan an cire komai. Kowane sabon mai saye kuma ka tambaye shi a ina ya ji labarinka, ka sa alama.

Layukan nan su za su nuna maka inda ciwon yake. Idan masu tambaya sun yi kaɗan, tallan ne bai kai inda ya kamata ba. Idan ana tambaya da yawa ba a saye, duba farashi, ko yadda ake amsa mutane, ko kuma waɗanda tallan ke jawowa ba su ne mutanenka ba. Idan ana saye ba a dawowa, matsalar tana jikin kayan ko wurin kai su, kuma ƙara kuɗin talla a wannan hali ɗiban ruwa ne da kwando. Idan kuwa komai na tafiya amma layi na huɗu babu komai, koma kan lissafin ₦1,700 ɗin nan, sannan ka buɗe shafin masu bashi ka ƙirga.

Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a ba shi mako huɗu zuwa shida. Wanda ya sauya roba da farashi da wurin talla duk a mako ɗaya, ko ciniki ya buɗe ba zai san wanne ya buɗe shi ba.